Tseren da Ya Ratsa Gwangwan

Liti ne ya sa sunan ƙaninsa a gasar, bai kuma yi shawara da shi ba. Wata ranar Laraba ya shigo shagonsa na kayan keke da babur a kasuwar Ƙaraye, riƙe da wata riga mai santsi ruwan ɗorawa da hular kwano, ya ajiye su a kan bencin da Zulkifilu ke zaune.

"Ranar Asabar za a yi tseren keke daga nan zuwa Rogo," in ji Liti. "Wasu 'yan ƙungiya ne daga Kano suka shirya. Ba ta kwalta za a bi ba, ta cikin gonaki da duwatsu. Kowa ma zai iya shiga. Na sa ka."

Zulkifilu ya dubi rigar, ya ce, "To, Yaya."

Tun da ya dawo daga Libiya amsarsa ke nan a kan komai. Sana'arsa sa tayil ce. Shi da abokinsa Sadiƙ, ɗan ƙauyen Gwangwan, wurin maigida ɗaya suka koyi aiki a Kano, tare kuma suka tsallaka suka yi aiki a gidajen Larabawa. Da suka ga zaman ya ishe su suka kamo hanyar gida. Zulkifilu ya iso. Sadiƙ bai iso ba, a cikin sahara ya rasu. Daga Agadas Zulkifilu ya bugo wa Liti waya ya gaya masa, Liti kuma ya hau babur ya kai saƙon Gwangwan.

Da ya sauka a Ƙaraye mutane suka yi ta zuwa yi masa barka da hanya da gaisuwar rashi a haɗe. Ya amsa wa kowa yadda ya kamata, bai tsallake kalma ko ɗaya ba. Amma shi kansa ya lura cewa babu abin da ke taɓa shi. An yi haihuwa a gidan Liti, aka miƙo masa jaririyar, ya karɓa, ya yi mata addu'a, ya mayar. Ya san abin murna ne, ya kuma ga kowa na murna, sai dai shi bai ji komai ba. Wata rana garin yanka tiyub reza ta yanke shi a yatsa, sai da wani mai sayen kaya ya nuna masa jini a wandonsa sannan ya sani.

Gwangwan kuwa bai je ba. Mahaifiyar Sadiƙ, Inna Maiturare, ta sha aikowa cewa tana son ganinsa. Duk lokacin da Liti ya isar masa da saƙon sai ya ce to, ranar ta zo ta wuce yana zaune a kan benci. Ba ƙi ya yi ba. In ya tashi da niyyar tafiya sai ya tsinci kansa ya sake zama.

Keken kuwa cikin wasu kekuna na hannu ya zo, waɗanda Liti ya saro daga Kano. Tayoyinsa masu kauri ne da gargada, ga giya birjik, ga wani abu kamar sifirin a gaba da ke lotsawa in an faɗa rami. Sauran kekunan duk suka tafi, shi ya ƙi tafiya, don ba shi da kariya, ba a iya ɗaura masa buhu. Wata safiya Zulkifilu ya ja shi ya fita. Bai dawo ba sai da hantsi ya dubi ludayi, jiƙe sharkaf da gumi. Daga nan kullum bayan asuba sai ya hau, ya bi gefen dam, ya shiga burtalai, ya haye kan fako. Bahijja, matar Liti, ta tambaye shi ko daɗi yake ji. Ya yi tunani kaɗan ya ce, "A'a. Ina dai tafiya ne."

Ranar Asabar gari ya waye da laima, don an sha ruwa kafin asuba. Ƙarshen damina ne, masara ta bushe a tsaye, an fara cirar gyaɗa. A filin da ke bakin gari aka kafa rumfa, aka ɗaura wani dogon ƙyalle tsakanin sanduna biyu. 'Yan Kano sun zo da motoci, kekunansu a ɗaure a baya, sanye da wanduna masu kama jiki da suka sa 'yan kallo ƙunshe dariya. Akwai kuma samarin gari da na ƙauyuka da suka shigo da kekunansu na zuwa gona. Zulkifilu ya sa rigar da Liti ya ba shi, amma da dogon wandonsa, ya cusa ƙafafun wandon cikin safa.

Wani mutum mai furfura a gemu ya ɗauki lasifika ya yi bayanin hanya. Ya ce an ɗaɗɗaura jan ƙyalle a bishiyoyi, shi za a riƙa bi. Za a ratsa Kurugu, a hau dutse, a gangara rafi, a bi ta Gwangwan inda aka ajiye ruwan sha, sannan a miƙe zuwa Rogo. Ya roƙe su kada kowa ya taka wa mutane shuka.

Zulkifilu ya ji sunan Gwangwan kamar yadda ake jin sunan gari a bakin ɗan kamasho a tasha. Ya waiga ya nemi Liti. Liti na can bakin motar a-kori-kura da zai bi zuwa Rogo, ya ba da baya yana magana da direba.

"Malam, barka da asuba. Wannan ne karonka na farko?"

Wani ne a gefensa, mai ƙiba kaɗan da fara'a, kekensa sai sheƙi yake. Ya ce sunansa Abdullahi, yana da kantin magani a Kano, kuma likita ne ya tilasta masa hawan keke saboda sukari, daga baya abin ya zame masa jaraba. Ya dubi tayoyin Zulkifilu ya ce iskar ta yi yawa, a laka za su riƙa zamewa. Zulkifilu ya sunkuya ya rage iskar, ya yi masa godiya.

Aka busa usur.

Farkon tafiyar hargitsi ne. Samarin gari suka fita da gudu kamar an koro su, suna ihu, wasu biyu suka sarƙe da juna tun kafin a bar filin. Zulkifilu bai yi sauri ba. Ya riƙe tafiyarsa ta kullum, wadda ƙafafunsa suka saba. Kafin a kai Kurugu ya fara wuce su ɗaya bayan ɗaya, wasu sun sauka suna tura keke, wani ya zauna a gindin ɗorawa yana riƙe da ciki. Hanyar ta ƙuntata ta zama 'yar siririya tsakanin gonakin dawa, ganye na dukan fuskarsa yana zubar masa da raɓa. Laka ta yi ta fantsama a bayansa. A Kurugu mutane sun fito sun yi layi a bakin hanya, mata na leƙe ta saman danga, wani tsoho na ɗaga sanda yana cewa Allah ya ba mai rabo sa'a.

Bayan Kurugu aka fara hawa. Dutsen shimfiɗaɗɗe ne, baƙi, ruwan sama ya bar masa santsi a wurare. Zulkifilu ya sauke giya, ya matso gaban sirdi, ya sunkuyar da kai. Numfashinsa ya cika masa kunne. Ya san cinyoyinsa na zafi, amma zafin kamar a jikin wani yake, shi labari kawai yake samu. Ya wuce wasu 'yan Kano biyu da suka ɗauki kekunansu a kafaɗa. Daga saman dutsen ana hango ƙasa shimfiɗe, kore da ruwan ƙasa, da hayaƙi na tashi daga wani ƙauye. Bai tsaya kallo ba.

A gangaren ne ya faɗi. Tayar gaba ta shiga wata tsaga, keken ya tsaya cak, shi kuma ya wuce ta sama. Ya sauka a kan gwiwa da gwiwar hannu. Ya tashi, ya duba keken, ya ga kan ya karkace. Ya matse tayar tsakanin ƙafafunsa ya murɗa kan ya daidaita, ya hau. Wandonsa ya yage a gwiwa, wani abu mai ɗumi na gangarowa cikin safarsa.

Rafin ya kawo ruwa har cinya. Wani daga cikin masu shirya gasar na tsaye a ɗaya gaɓar da 'yar tuta. Zulkifilu ya saɓa keken ya ratsa. Da ya fito mutumin ya ce masa, "Kai, malam, ka yi ƙoƙari! Na gabanka ba su da yawa. In ka dage za ka kamo su."

Ya ce, "To."

Daga rafin zuwa Gwangwan hanyar ta yi kyau, jar ƙasa ce mai tauri. Ya san ta. Ta nan suka taɓa biyowa da Sadiƙ a kan babur lokacin bikinsa, suna riƙe da akwatin lefe a tsakaninsu. Ya tuna da wannan sarai, har da launin akwatin, amma tunawar ba ta zo da komai ba. Abin da ya ƙudurta shi ne ya sunkuyar da kai ya wuce. Da hular kwano da laka a fuska ba wanda zai gane shi.

Ya hango teburin ruwan a gindin wata tsamiya, da taron mutane. Kafin teburin, inda hanyar ta matse tsakanin wata katanga da shingen gona, wata tsohuwa na tsaye a tsakiyar hanya. Mutane na yi mata magana ta kauce, ba ta ko waiga ba. Gajeriya ce, ta yafa mayafi mai duhu, ta ɗaga hannu ɗaya kamar mai tsayar da mota.

Ya damƙe birki. Tayar baya ta ja ƙasa, keken ya tsaya dab da ita.

Ta leƙa fuskarsa ta ƙarƙashin hular. "Kai ne," in ji ta. "Na tsayar da wasu kafin kai, ba kai ba ne. Yayanka ya aiko mini cewa za ka bi ta nan da riga ruwan ɗorawa."

Zulkifilu ya sauka daga keken, ya cire hular, ya durƙusa a kan gwiwar da ba ta fashe ba.

"Inna, ina kwana."

"Lafiya lau. Ka zo lafiya?"

"Lafiya lau. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya."

"Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta."

"Amin. Taso."

Ta juya ta kama hanya, shi kuma ya bi ta yana tura keke. Ɗaya daga cikin masu ba da ruwa ya biyo shi da sauri yana cewa, malam, ba nan ce hanya ba, ga jan ƙyalle can. Zulkifilu ya ce ya sani. A daidai lokacin Abdullahi mai kantin magani ya iso, fuska duk laka, yana haki. Ya rage gudu ya ɗaga murya, "Lafiya? Keken ne ya lalace?"

"Lafiya lau. Ka je."

Abdullahi ya dubi tsohuwar, ya dube shi, ya taka feda ya wuce.

Gidan ba nisa. A ƙofar gida an baza gyaɗa a kan tabarmi tana shan iska. Ba ta shigar da shi ciki ba, a zaure ta nuna masa wata kujera 'yar tsugunno, ita kuma ta zauna a dakalin ƙasa. Ya jingina keken a bango. Daga nan ana jin ihun mutane duk lokacin da wani ɗan tsere ya wuce.

Sadiƙ ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunansa. Ta ce, "Ba zan riƙe ka ba. Abin da aka gaya mini shi ne abokinka ya rasu a hanya. Shi ke nan abin da na sani. Kai kana wurin?"

"Ina wurin."

"To gaya mini."

Ya gaya mata. Muryarsa ta fito daidai, ba rawa, kamar mai ba da kwatancen hanya. Ya ce tun kafin su taso Sadiƙ na fama da tari da zazzaɓi, shi ya sa ma suka yanke shawarar dawowa. Motar da suka hau buɗaɗɗiya ce, an cika ta da mutane da kaya. A tsakiyar sahara ta lalace. Direba da yaransa suka yi ta fama da ita, ruwan da ke jarkoki ya yi ta raguwa har aka koma rabawa da murfin jarka. Da rana sai su shiga ƙarƙashin motar, shi ya sa kan Sadiƙ a cinyarsa. Ana haka wata rana da la'asar ya cika.

Inna Maiturare na kallon ƙasa. Ta ce, "Ya sha wuya?"

"Ya sha. Amma daga baya ya daina tari, ya yi shiru."

"Ya ce wani abu? Ya bar sallahu?"

Zulkifilu ya san abin da ake faɗa wa uwa a irin wannan wuri. Ya ji mutane na faɗa a gidajen makoki. Ya nemi kalmomin a bakinsa bai same su ba, sai abin da ya faru.

"Ya tambaye ni ko mun wuce Dirku. Na ce ba mu kai ba tukuna. Ya ce to. Daga baya ya ce ƙafafunsa na jin sanyi, na rufa masa bargo. Bai ƙara cewa komai ba."

"Kalmar shahada fa?"

"Na yi ta faɗa masa a kunne. Leɓensa ya motsa."

"Ka ji ya faɗa?"

"Ban ji ba, Inna. Na ga dai leɓen ya motsa."

Ta gyaɗa kai a hankali. "Gara da ka gaya mini yadda yake."

A waje aka sake yin ihu, wani ya wuce. Wata akuya ta leƙo zauren, ta nufi gyaɗar, tsohuwar ta kore ta da hannu ba tare da ta ɗaga kai ba.

"An yi masa wanka?"

"Babu ruwa. Taimama aka yi masa. Akwai wani dattijo mutumin Damagaram a motar, malami ne, shi ya nuna mini yadda zan yi. Ni na yi masa da hannuna."

"Likkafani?"

"Wani ya ba da farin rawaninsa, muka haɗa da bargon."

"Salla?"

"Dattijon ya ja mu. Duk wanda ke iya tsayuwa ya tsaya. Mun yi sahu biyu."

"Sahu biyu," in ji ta. Ta maimaita kamar tana ajiye maganar a wani wuri. "Kabarin fa, ya yi zurfi?"

"Mun haƙa da hannu da wani ƙarfen mota. Yashin na ta rushewa. Mun kai iya ƙugu. Direba ya nuna mana gabas, muka fuskantar da shi. Muka ɗebo duwatsu muka jera a kai, manya, yadda iska ba za ta tone ba."

"Za ka gane wurin?"

"A'a."

Ya jira ko wani abu zai taso masa yanzu da ya faɗi abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba, ko Liti. Babu abin da ya taso. Ya ji dai gumi na bushewa a bayansa, da ƙudaje da suka fara taruwa a gwiwarsa.

Inna Maiturare ta ɗago ta dube shi sosai. Idanunta a bushe suke.

"Ba ka yi kuka ba, ko?"

"Ban yi ba."

"Ni ma haka. Mata sun cika gidan nan suna kuka, ni ina ba su haƙuri. Har an fara cewa ina da taurin zuciya." Ta gyara mayafinta. "Ban san inda abin ya tsaya ba."

Ta tashi ta shiga cikin gida. Ta dawo da kwanon sha cike da ruwan randa, da buta, da wani tsumma mai tsabta. Ya sha ruwan ya shanye. Ta ce ya miƙe ƙafar. Ya ce zai yi da kansa, ta ce ya miƙe. Ta zuba ruwa a gwiwar, ta cire tsakuwoyin da suka maƙale da farcenta, ta ɗaure da tsumman.

"Saura abu ɗaya," in ji ta. "Matarsa Lauratu ta fita takaba, ta koma gidan ubanta a Rogo Ruma. Amma har yau in baƙuwar lamba ta kira wayarta sai ta zabura. Tana cewa ai ba wanda ya gani, a waya aka faɗa. Ka je ka gaya mata da bakinka. Ba don ni ba. Yarinya ce, tana da sauran rayuwa."

"Zan je."

"Haka ka yi ta ce wa yayanka."

"Zan je, Inna."

Ta dube shi. "To tashi ka bi 'yan uwanka. An ce a Rogo ake jiranku. Allah ya yi maka albarka. Ka rufa masa asiri, Allah ya rufa naka."

Ya ce amin, ya sa hular, ya ja keken ya fito.

A gindin tsamiyar an riga an fara naɗe teburin. Mai ba da ruwan ya ce masa kusan kowa ya wuce, in yana so ya jira motar da ke kwashe waɗanda suka gaza. Ya ce a'a, ya hau.

Jikinsa ya riga ya huce, gwiwar ta sandare. Kowace takawa sai ta ja. Hanyar ta zama tasa shi kaɗai, sai sawun tayoyi a laka da jan ƙyalle jefi-jefi a jikin bishiya. Rana ta fito sosai, ƙasa ta fara turiri. Ya wuce masu cirar gyaɗa, suka ɗago suka yi masa sannu, ya ɗaga musu hannu. Wani wuri shanu suka tare hanya, ya sauke ƙafa ya jira har suka gama wucewa. Can gaba ya tarar da wani saurayi da keken gona, sarƙarsa ta tsinke, yana turawa da takalmi ɗaya a ƙafa. Suka yi wa juna sannu. Saurayin ya ce shi dai ko da rarrafe sai ya kai Rogo, don an yi masa dariya a gida da zai fito. Zulkifilu ya ce Allah ya taimaka, ya wuce.

Da ya shiga Rogo an gama raba kyaututtuka. Ana kwance lasifika, 'yan Kano na ɗaura kekunansu a motoci. Ƙyallen ƙarshen tseren na nan dai a ɗaure, ya bi ta ƙarƙashinsa ya tsaya. Mutumin nan mai furfura ya zo ya yi masa sannu, ya rataya masa wata 'yar lambar ƙarfe a wuya irin wadda aka ba duk wanda ya ƙarasa. Abdullahi ya taso daga inda yake zaune da ledar ruwa a hannu.

"Malam, ai da kai ne na uku ko na huɗu! Na ce wa mutanenmu akwai wani ɗan Ƙaraye da ya wuce ni a dutse kamar ina tsaye. Me ya faru? Tsohuwar nan mahaifiyarka ce?"

"Mahaifiyar abokina ce."

"Allah sarki. Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau."

Abdullahi ya ga tsumman da ke gwiwarsa, ya je mota ya ɗauko magani da bandeji ya ba shi, ya karɓi lambar wayarsa, ya ce akwai wani tseren bayan salla, lallai ya zo.

Liti na tsaye a jikin a-kori-kura. Bai matso ba sai da Zulkifilu ya turo keken ya iso. Suka kama shi tare suka ɗora a baya. Liti ya daɗe yana ɗaure shi da igiya, yana sake kwancewa.

"Ka ga Inna?" ya tambaya, bai ɗago ba.

"Na gan ta."

"Ka ji haushina?"

Zulkifilu ya duba cikin ransa da gaske, don ya ba shi amsar gaskiya. "A'a, Yaya," ya ce. "Ranar Juma'a za ka kai ni Rogo Ruma? Ban san gidan ba."

Liti ya ce zai kai shi.

Suka je bayan an sauko daga masallaci. Mahaifin Lauratu ya karɓe su a zaure, aka gaisa, aka yi addu'a, sannan ya aika aka kira ta. Ta zo cikin dogon hijabi ta tsuguna daga bakin ƙofa, ta gaishe su. Zulkifilu ya fara ba da labarin yadda ya ba Inna Maiturare, da kalmomi kusan iri ɗaya. Bai yi nisa ba ta katse shi.

"Ka gani da idonka?"

"Da hannuna na sa shi a kabari."

Ta dubi hannayen nasa da ke kan gwiwoyinsa. Ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta ce, "Shi ke nan. Na gode." Ta tashi ta shiga ciki. Jim kaɗan suka ji wata mata a cikin gidan na cewa, riƙe ta, riƙe ta, zaunar da ita. Mahaifinta ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Da ya ɗago ya yi musu godiya, ya rako su har inda suka ajiye babur.

A hanyar komawa hadari ya taso daga gabas. Liti ya ƙara wuta ko za su riga shi, amma ruwan ya cim musu kafin su kai rabin hanya. Suka fake a rumfar wani mai faci tare da wasu mutane da buhunan gyaɗarsu. Da ruwan ya tsagaita Liti ya goge sirdin da hannun rigarsa, suka hau suka ci gaba.